Sa Hannun Bernadette

Ranar ɗaya ga Disamba wasiƙar ta iso, Marjean Tuttle ta karanta ta a tsaye, ko rigar sanyi ba ta cire ba. Kamfanin inshorar da ya tsaya musu shekara shida ya ce ya janye. Ranar ƙarshen shekara takardar lamuninsu za ta mutu.

Shekara goma sha tara ke nan Marjean tana aiki a ofishin Wendell Kostka, a saman wani kantin takalma a garin Wausau na Amurka. Su goma sha ɗaya ne. Aikinsu karɓar biyan wata-wata daga hannun waɗanda suka ci bashin karatu, su miƙa wa masu kuɗin, su kuma amsa waya in wani ya rasa aiki yana neman a ɗaga masa ƙafa. Fiye da rabin mutanensu a jihar maƙwabta suke zaune, yawanci ma'aikatan jinya da malaman makaranta. Ita kuwa waccan jihar ba ta barin kowa ya yi wannan aiki sai da lasisi, lasisin kuma ba ya sabuntuwa sai wani kamfanin inshora ya rubuta cewa in aka cuci wani, shi zai biya. Duk waɗannan takardu a wuyan Marjean suke.

Ta buga wa Curtis Vandehey, dillalin da ke nemo musu inshora.

"Me muka yi musu, Curtis?"

"Ba ku yi komai ba. Sun gaji da ƙananan kamfanoni ne, kowa sun aika masa irinta. Ki kwantar da hankalinki."

"Duk ran da ka ce in kwantar da hankalina, ranar nake rasa barci."

Kwana tara yana nema. Kamfani biyu suka ƙi, na uku ya yarda amma da sharaɗi: Wendell zai sa hannu cewa duk abin da suka biya a kansa, daga dukiyarsa za su fanshe. Tun da gidansa da sunan mutum biyu aka rubuta shi, matarsa Bernadette ma sai ta sa nata.

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji Wendell, yana cusa takardar a jaka. "Gobe zan kawo miki."

Gobe ta zo bai kawo ba. Jibi ya ce ya manta ta a mota. Marjean ta daina tambaya, sai dai ta bi jakarsa da ido duk safiya. Abincin ranarta ya koma kofi. Masu amsa waya suka lura, ɗaya ta tare ta a bakin matakala tana tambaya ko ta fara neman wani aikin ne. Marjean ta ce a'a, muryarta kuwa ita kanta ba ta gamsar da ita ba. In lasisin ya faɗi, rabin aikin ya tafi, kuma ta san kujerun da za su fara zama babu kowa.

Ranar Juma'a Bernadette da kanta ta kira ta, ta ce su haɗu su ci soyayyen kifi a gidan abincin da ke tsallaken titi. Mace ce mai faɗin kafaɗa, shekara talatin ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ta ajiye aiki. Ta shimfiɗa takardar a gefen faranti, duk ta ja layi da jan biro.

"Wendell ya ce al'ada ce kawai, kowa yana sa hannu. Ke kika san cikin ofishin nan. Akwai abin da zai sa a zo a taɓa min gida?"

Marjean ta tuna da wata magana. A watan Afrilu, da suka sauya na'ura, an ci mutum ɗari biyu da wani abu tarar jinkiri alhali sun biya a kan lokaci. An mayar wa kowa kuɗinsa, amma uku sun kai ƙara ga hukumar waccan jihar, har yau ba a rufe maganar ba. Daga yadda Bernadette take kallonta ta gane ba ta taɓa ji ba. In ta ce mata "babu" kawai, ya isa a sa hannun nan a tashi.

Ta ajiye cokali ta faɗa mata duka, har da cewa a ganinta da wuya abin ya kai ga gida.

"Da wuya," in ji Bernadette. "Ba ki ce ba zai yiwu ba."

"Ba zan iya cewa haka ba."

Bernadette ta ninke takardar huɗu. "Na gode. Ci kifinki, zai huce."

Litinin Wendell ya shigo fuska a murtuke, ya tsaya a kan Marjean.

"Me kika je kika gaya mata har ta ƙi sa hannu?"

"Abin da ta tambaye ni."

"Mutum goma sha ɗaya, Marjean! Har da ke!"

Ya shige ofishinsa ya bugo ƙofa. Kwana biyu ba su yi magana ba. Ita kuwa ta dami Curtis da waya har ya fara gaishe ta da "ke ce kuma?" A rana ta uku ya ce kamfanin zai haƙura da hannun matar in aka ajiye musu jinginar kuɗi tsaba, dala dubu sittin.

Wendell ba shi da su. Abin da yake da shi rabin wani ɗan gidan katako ne a bakin tafki, wanda suka gada shi da ƙaninsa, inda yake zuwa kamun kifi tun yana yaro. Ƙanin ya saya, bai kuma yi masa ragin komai ba don ya ga yana cikin matsi. Kirsimeti ya shiga tsakani, banki ya rufe, lauya ya tafi hutu. Sai ranar talatin ga wata da rana takardar lamunin ta fito. Marjean ta duba lambarta sau uku, ta tura ta ga hukumar waccan jihar. Allon na'ura ya nuna mata kalma biyu: ana dubawa.

Haka ya tsaya har aka shiga sabuwar shekara. Ta buga wa hukumar, wata mata mai mura ta ce tun da sun shigar kafin wa'adi, su ci gaba da aiki har a gama. Marjean ta roƙe ta ta rubuto mata hakan, ta buga a takarda ta sa a aljihun tebur. Duk da haka kowane biya da ya shigo a makon nan sai ta ji kamar kayan wani ta ɗauka.

Ranar tara ga Janairu lasisin ya fito. Ta kai wa Wendell, ya karanta a hankali, ya cire tabarau yana murza ido. Ya rame.

"Bernadette ta ce in gaishe ki," ya ce. Ta juya za ta fita ya sake kiranta. "Tsaya. Da ke ce ita, za ki sa hannun?"

Marjean ta juyo ta dube shi.

"A'a."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabaraunsa, ya ce ta turo masa fayil ɗin mutum ukun nan, yana so ya kira su da kansa.