Ku Tambaye Ta Ina Yayanta Yake

Abin da Siddiƙa ta rubuta bai fi layi biyar ba. A ofishin malamai ta rubuta shi, ranar wata Talata, ana saura 'yan makonni a yi zaɓe. Makarantar firamaren da take koyarwa a Wulari ta daɗe da zama sansani. 'Yan gudun hijira sun cika azuzuwa, malamai na zuwa ne kawai su sa hannu, su koyar da yaran da suka samu a ƙarƙashin darbejiya. A ranar wata mata ta haihu a aji huɗu, a kan tabarma, ba ko ruwan wanke jariri, sai da Susanna, abokiyar aikinta, ta je ta roƙo bokiti ɗaya a maƙwabta. Katangar makarantar kuwa daga waje ta sha hotunan 'yan takara, wani kan wani.

Ta rubuta a Fesbuk cewa kuɗin buga hotunan nan da ya isa a haƙa wa mutanen rijiya. Ba ta ambaci jam'iyya ba, ba ta kama sunan kowa ba. Ta jefa wayar a jaka ta tafi gida.

Bayan la'asar ta buɗe, ta tarar da mutum sama da ɗari biyu sun yi magana. Na farko-farko sun ce Allah ya saka. Daga nan abin ya juya. Magoya bayan masu mulki suka ce 'yan adawa sun saye ta. Magoya bayan 'yan adawa suka ce ai hoton ɗan takararsu ne ya fi yawa a katangar, don haka shi take nufi. Wani ya ce mace mai kamun kai ba ta shiga zancen maza. Wani ya zagi mahaifinta, wanda ya shekara tara a ƙasa. Suka koma zagin juna a ƙarƙashin rubutunta, kowa na kiran ɗan uwansa jahili, maci amana, karen farauta. Tana karantawa tana ɗan murmushin takaici, don ta saba ganin irin wannan a shafukan wasu.

Sai ta iso kan wani mai suna Ɗan Kishin Borno. Ba hoton mutum a shafinsa, tuta ce kawai. Ga abin da ya rubuta:

"Ku daina wahalar da kanku. Ku tambaye ta ina yayanta Mikail yake. Wata biyar ke nan yana daji tare da su. Gidansu na nan Wulari, layin injin niƙa, ƙofa ta uku."

A ƙasa ya liƙa hoton Mikail, wanda aka ɗauka ranar wata sallah, yana dariya.

Mikail ɗan kasuwa ne, huluna yake sarowa a Bama ya kawo birni. Yana can 'yan bindigar daji suka shiga garin, tun ranar ba a sake jin muryarsa ba. Ba su san ko yana raye ba. A Maiduguri ta lokacin, ba a buƙatar hujja mai yawa. In aka nuna gida aka ce akwai ɗan daji a ciki, to gidan ya shiga uku. Ta san gidaje biyu a unguwarsu da aka nuna haka, har yau ƙofofinsu a rufe suke.

Ta goge rubutun nan take. Minti kaɗan Susanna ta kira ta.

"Kin goge, na gani. Amma sun riga sun ɗauki hotonsa, yana yawo. Ƙanin mijina ma ya turo min daga Jiddari Polo, yana tambaya ko ke ce."

"Me zan yi, Susanna?"

"Kada ki amsa wa kowa. Ko kalma ɗaya. Ya Zainaba ta sani?"

Ba ta sani ba. Ya Zainaba, mahaifiyar Siddiƙa, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, rediyo a gefenta. Su biyu ne kawai a gidan tun tafiyar Mikail. Siddiƙa ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallonta, sannan ta koma ciki ba ta gaya mata ba.

Washegari ta fita makaranta, ta ga layin nasu ya canza mata. Mai injin niƙa, wanda kullum yake gaishe ta da "Malama, wushe", ya duƙa yana gyaran bel ɗin da ba abin da ya same shi. Matan da ke layin famfo suka yi shiru har ta wuce. Ba ta san ko sun gani ba, ko ita ce take ganin haka. Abin da ya fi cin ta shi ne hoton. Mikail ba ya Fesbuk. Hoton nan a falonsu yake, a jingine kan talabijin. Duk wanda ya ɗauka, ya shigo gidan, ya zauna, wataƙila ma ya sha ruwa.

Ranar Alhamis da hantsi aka buga ƙofa. Matasa huɗu ne daga masu sintirin unguwa, da gorori a hannu. Babbansu, Hamid, ajinsu ɗaya da Mikail a sakandare. Bai kalle ta a ido ba.

"Bulama yana son ganin ku, ke da Ya Zainaba."

Sai a lokacin ta gaya wa mahaifiyarta, a tsaye, cikin kalmomi kaɗan. Tsohuwar ta saurara, ta ɗauki mayafinta, ta ce, "Mu je."

Zauren Bulama Gana, mai unguwar, ya cika, wasu ma suna leƙe ta taga. Aka zaunar da su a tabarma. Bulama ya sa Hamid ya karanta abin da aka rubuta, shi kuwa ya karanta har da zage-zagen, da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Siddiƙa ta ji sunan mahaifinta a bakinsa, ta sunkuyar da kai.

"Wane ne wannan Ɗan Kishin Borno?" in ji Bulama.

Ba wanda ya sani.

"To mutumin da ba shi da suna ba shi da fuska, shi ne ya tara mu?"

"Ba shi ne ba, Bulama," in ji wani daga baya. "Tambayar ce. Yaron yana ina? In ba ya tare da su, me ya hana shi waya? In bam ya tashi a layin nan, ba wanda zai tambayi sunan wanda ya yi gargaɗi."

Aka yi guna-guni na amincewa. Wani ya ce a miƙa su gaba, a can za a bincika. Ta san ma'anar gaba: hannun sojoji. Ta dubi mahaifiyarta, ta ga leɓɓanta na motsi ba sauti.

Bulama ya juyo gare su. "Ya Zainaba, ya taɓa kira?"

"Da ya kira da na yi barci, Bulama."

Ana cikin haka Susanna ta kutso zauren, tana haki, da wani dattijo dogo a bayanta. Ta durƙusa ta gaida Bulama, ta ce wannan mutumin yana da magana. Sunansa Abakar, dillalin shanu ne a Bama, yanzu yana zaune wurin 'yarsa a Galtimari. 'Yar ce ta ga hoton a wayarta, ba kwatancen gidan, ta nuna masa. Tun jiya yake neman gidan, har aka kai shi makaranta.

Abakar ya zauna, ya cire takalmi, ya fara magana. Hausarsa da nauyin Larabcin Shuwa.

"Na san yaron nan. Mai huluna. Rumfar da yake sauka tana kallon tawa. Ranar da aka shigo, tare muka gudu, mu wajen ashirin, muka nufi kogi. Shi ya ɗauki jikata a wuya, ya haye da ita. Ya koma ɗauko wata tsohuwa." Ya tsaya. "Daga gaɓa suka harbe shi. Ina kallo. Ban san sunan gidansu ba, da na zo tuntuni."

Ya Zainaba ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau uku. Sannan ta tambayi Abakar ko an samu binne shi. Ya ce bai sani ba, ruwa ya yi yawa a lokacin.

Bulama ya sallami mutane. Suka fita ɗaya-ɗaya, wasu na cewa Allah ya jiƙansa. Hamid ya jingine gorarsa a bango, ya raka su har gida.

Aka yi zaman makoki kwana uku. Unguwa ta zo, har mai injin niƙa, har mutumin da ya ce a miƙa su gaba. Siddiƙa tana karɓar gaisuwa tana kallon hannuwan mutane. Kusan kowa da waya. 'Yan uwa, maƙwabta, abokan Mikail, duk waɗanda suka saba shiga falon. Ta rasa wanda za ta cire daga zargi, sai ta fara jin tsoron kowa, har mai miƙo mata ruwa.

A rana ta uku Susanna ta ja ta gefe. Ta ce wani ya rubuta labarin Abakar a Fesbuk, mutum goma sha ɗaya ne suka kula. Ɗan Kishin Borno kuwa bai ce komai a kai ba. Yana can ƙarƙashin rubutun wani malamin asibiti, yana tambayar mutane ko sun san inda matarsa ta fito.

"Ki gaya wa malamin," in ji Siddiƙa.

"Ban san shi ba."

"Ki nemo lambarsa. Ni zan kira shi."

Da ta kira shi da yamma, sai da ya yi ta tambayar ko ita wace ce, wa ya ba ta lambarsa, me take so. Ta faɗi sunanta da unguwarsu, ta fara ba shi labari tun daga farko. Yana saurare, tana jin numfashinsa, can kuma ya ce ta ɗan dakata ya rufe ƙofa.