Manhajar da Yaya Ya Bari

Jaka ɗaya, kwamfuta, caja, riga biyu, da wasiƙar shugaban asibiti. Abin da na ɗauko ke nan. A mota na sake karanta wasiƙar: tun da Yaya ya rasu, an rasa injiniyan da zai iya taɓa manhajar ɗakin magani. In zo in sake rubuta ta da Turanci.

Yaya ne ya ƙirƙiro yaren da ya rubuta ta da shi. Inda kowa ke ba kwamfuta umarni da kalmomin Turanci, shi sai ya saka na Hausa: "idan", "maimaita", "tsaya". Ina karatu a waje ya turo min in gani. Na yi masa dariya.

A ɗakin magani na tarar da Goggo, mai ba da magani a wurin shekara ashirin.

"Kai ne ƙanin? Kun yi kama, sai dai shi yana fara'a."

Ta buɗe manhajar ta ɗora yatsa kan wani layi: idan nauyin yaro bai kai kilo goma ba, tsaya.

"Wannan ni na ƙara bara. Wata sabuwar ma'aikaciya ta kusa ba jariri maganin manya."

"Ke da kanki, Goggo?"

"A'a, aljani na ɗauko. Yayanka ya ce in rubuta yadda zan faɗa wa mutum."

Layi arba'in da ɗaya nata ne, babu kuskure ko ɗaya. Amma abin da ke fassara wa na'ura yaren ya ƙi aiki a sababbin kwamfutocin da aka kawo, kuma Yaya bai bar bayani ba. Gyaransa sai wata shida. Hutuna sati uku ne.

"In ka mayar da ita Turanci, zan iya ƙara nawa?"

"Sai dai ki kira injiniya."

"Mai zuwa sau ɗaya a wata?" Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "To, ɗan nan. Sai a gaya wa yaran su riƙa duba kwanan wata kafin su kwanta ciwo."

Wani ya ƙwanƙwasa taga da takardar likita, ta juya wajensa.

Na bi baranda zuwa ofishin shugaba, na shiga, na rufe ƙofa.

"Gobe zan fara," na ce. "Da Turanci."