Barau da Buhunan Wakensa

"Ku kama masa ƙafa mana, kun tsaya kuna kallona!" Haka na daka wa mutanen da suka cika tsakar gidan tsawa, ni kuma na tallafo kan Barau, maƙwabcina. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa dafe da ƙirji. Ɗakin da muka fito da shi kuwa wari yake kamar an daka tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi.

Matarsa Sabuwa na biye da mu, mayafi a hannu. "Malam, tun shekaranjiya yake cewa ƙirjinsa na dukan uku-uku. Na ce ya bar ɗakin nan, ya ƙi."

Ni ma na faɗa masa, wallahi har bakina ya gaji. Bara ɓarayi suka fasa masa rumbu suka kwashe wake tas, shi ne bana ya rantse wakensa ba zai kwana inda ba ya ganinsa ba. Ya jibge buhunan a ɗakinsa, ya cusa wa kowanne ƙwayar maganin ƙwari, wadda mu a Fagam muke ce wa bom. Ya toshe taga da tsumma, wai kada ƙarfin maganin ya fice, sannan ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakiya. Da na yi magana, dariya ya yi: "Haba Malam, ni ƙwaro ne?" Taurin kai dai irin na Barau, sai addu'a.

A asibitin Gwaram suka ce mu wuce na Birnin Kudu. Muna hanya ya buɗe ido da ƙyar, leɓensa ya yi baƙi.

"Sabuwa, an rufe ɗakin?"

"An rufe, Malam. Ka yi salati."

Na gyara masa kai a kan cinyata.

Likita ya ɗora masa abin awo a ƙirji, ya daɗe yana saurare, sannan ya tambaye ni me ya shaƙa. Na faɗa masa.

"Baba, iskar ƙwayar nan zuciya take kamawa," in ji shi. "Tasa ta raunana, ta kasa tura jini. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Sun yi. Ana kiran la'asar Barau ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Washegari muka buɗe ƙofa da taga, muka bari iska ta ratsa, sannan muka ɗaure hanci da ƙyalle muka shiga fitar da buhunan. Da muka ɗaga na ƙarshe, sai ga ɓeraye matattu a miƙe, dab da inda yake sa kai.

Sabuwa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Ya nuna mini irinsu ranar Talata," ta ce. "Yana ta murna, wai maganin na ci."

Ta sunkuya ta fara shara, a hankali, tana kewaye tabarmar.