Ƙanƙarar Malam Brahim

"Ki miƙo mini su, Madam. Ba gardama na zo yi ba."

Malam Brahim ne tsaye a ƙofar shagon Berthe. Ya ƙi taka ko dandamalin, ya miƙo hannu daga nesa kamar mai jiran garwashi. Ni ina zaune a kan akwatin lemo, ƙafafuna a kumbure, cikina ya shiga wata bakwai. Berthe ta dafa ƙugu, nata cikin ya turo zane gaba.

"Malam, maganin matarka ne fa. A firigo aka ce a ajiye shi, kuma nan ne kuran, wutar lantarki, ba ya yawan yankewa."

"Matata ta gama shiga gidan giya. Sanyi kuke so? Ni ne sanyi a Garwa."

Ba ƙarya ya yi ba. Ƙanƙara yake sayarwa a babbar kasuwa, manyan injina uku ne da shi, masu kifi da masu lemo duk a hannunsa suke saye. Berthe ta buɗe firji, ta ciro gwangwanin tumatir ɗin da muke ajiye ƙananan kwalaben allurar matarsa Kaltumi a ciki, ta miƙa masa. Ya juye su a aljihun riga, ya yar da gwangwanin a rariya, ya hau babur ya tafi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na su Kaltumi, shagon Berthe kuma yana kan kwana, amma sai a asibitin haihuwa muka saba. Rana ɗaya aka ba mu ruwan sukari muka sha, rana ɗaya Madam Christine, ungozomar asibitin, ta ce mu uku ciki ya kawo mana ciwon suga. Ni da Berthe kiyaye abinci ya ishe mu. Kaltumi kuwa, wadda nata ne cikin fari, sai da allura safe da yamma. Madam Christine ta ce, "Kun zama 'yan uwa ke nan. Kowacce ta sa wa 'yar uwarta ido."

Mun sa kuwa. Da safe mu zagaya unguwa a ƙafa, masu babur suna tsokanarmu wai ga tankokin ruwa sun fito. Mu dawo shagon Berthe mu huda yatsa da ɗan injin awon da muka saya tare. Duk wadda nata ya hau, ranar ta shiga uku da gori. Mun bar shayi mai sukari, mun bar makala, wato fanke, muka koma ɗan tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi. Lokacin mangwaro ne, gari duk ya cika da ƙamshinsa, sai muka yi wa kanmu doka: ƙwaya ɗaya a yini, Berthe ta yanka uku. Kaltumi ce mai rigimar rabo kullum.

"Berthe, ki ji tsoron Allah! Wannan yanka ne ko fiffiken sauro?"

"Sha naki ki yi shiru, ma petite, 'yar ƙanwata."

Abin da ya ɓata mana shi ne Berthe tana sayar da giya ta bayan shago. Wani mai dogon baki ya tare Malam Brahim a ƙofar masallaci ya ce ana ganin iyalinsa safe da yamma a wurin. Bai tambayi me take zuwa yi ba, don ya sani. Maganar mutane ce ta fi masa ciwo.

Bayan kwana biyu Kaltumi ta kira ni ta inda damina ta cinye katangarmu. Ta nuna mini kwalbar. Farin ruwan da muka sani ya yi gudaji-gudaji, ya manne a jikin gilashi.

"Yaya Halime, cikin ƙanƙara yake sa shi. Da yamma ya kawo shi kamar dutse, in riƙe a tafin hannu har ya narke."

Na hau babur da wannan cikin nawa na tafi wurin Madam Christine. Ta dafe kai. Ta ce maganin da ya daskare ya mutu, ruwa kawai yarinyar take tsira wa kanta, a zubar da shi yau. Daga nan kasuwa na wuce. Na iske Malam Brahim yana fasa ƙanƙara da guduma, na gaishe shi, na faɗa masa da ladabi iyakar iyawata.

Dariya ya yi. "Kifi ya kwana wata a injina bai ruɓe ba, sai magani? Tun kafin a yaye ki nake wannan sana'a. Mai giya ce za ta koya mini sanyi?"

"Ba ita ta faɗa ba, Malam, ungozoma ce."

"Duk bakinku ɗaya. In mijinki Dawuda ya dawo daga Ngawundere zan tambaye shi ko shi ya aiko ki kasuwa ki tsaya a kaina."

Masu kifi suna ta kallona. Na juyo na tafi, kuma har yau in na ji ƙarar guduma a kan ƙanƙara raina ɓaci yake yi.

Berthe ba ta san saduda ba. Ta samo sabuwar kwalba ta ajiye a firjinta, ni kuma in ɗauko a ƙoƙo da jiƙaƙƙen tsumma in miƙa ta katanga. Abin ya yi mana kwanaki, har idon Kaltumi ya fara washewa. Ran nan na miƙa, sai hannun Hajja Mama, uwar mijin, ya karɓa. Ta buɗe tsumman, ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Daga gidan arniyar nan?"

"Hajja, don Allah ku bari. Ranta ne a ciki."

"Ranta yana hannun Allah. Tara na haifa, ban taɓa huda cinyata ba. Kun mai da mini yarinya kamar mai takaba, ba zaƙi ba maiƙo, kuna so jikana ya fito kamar ƙadangare."

Ta ɗora kwalbar a kan dutsen niƙa ta buga mata taɓarya. Daga ranar aka hana ni gidan, aka hana Kaltumi awo. Hajja ta karɓi girkinta: kunun gyaɗa da sukari da safe, fura da zuma da rana, dabino a gefen tabarma. Ba da mugunta take yi ba, wannan ne ya fi ba ni haushi. Har fifita take yi mata, tana cewa mai ciki ba a hana ta abin da ranta ke so. Da yamma kuma Malam Brahim ya kawo daskararriyar kwalbarsa, don kada a ce ya hana matarsa magani.

Ganina da ita na ƙarshe a tsaye, a wannan gurbin katangar ne. Fuskarta ta kumbura, leɓɓanta sun bushe, moɗa na hannunta. Cikin ya yi girman da ya tsorata ni.

"Ruwa nake sha kamar raƙumi, Yaya, ƙishin ba ya tafiya. Ga mangwaro can tasa guda Hajja ta ajiye mini." Ta yi ɗan murmushi. "Wallahi na fi son fiffiken sauron Berthe. Ki ce mata ta ajiye mini rabona."

Naƙuda ta kama ta da hantsi. Ban ji muryarta ba, don haihuwar fari ce kuma an hore ta da kunya. Muryar Hajja kawai nake ji tana cewa, "Daure, ki yi nishi." Da azahar ta wuce na kasa zama, na faɗa gidan ba sallama. Kaltumi tana durƙushe, ta riƙe ƙafar gado, gumi ya jiƙe ta, idonta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Berthe ta riga ta kira mijinta Martin, tasinsa na ƙofar gida injin yana aiki. Hajja ta tare ƙofar ɗaki.

"Ba a fita da ita sai maigidan ya zo. Kuma ba a motar nan ba."

Aka aika kasuwa. Malam Brahim yana sallamar motar masu kifi, sai bayan la'asar ya iso. Da ya leƙa ya ga jinin da ke kan tabarma, da kansa ya ɗauke ta ya sa a tasin da uwarsa ta ƙi.

Mun zauna a barandar asibiti ni da Berthe. Gab da magariba Madam Christine ta fito. Ta ce yaron ya yi girma fiye da kima, kafaɗarsa ta maƙale, da ƙyar aka zaro shi, hannunsa ɗaya ba ya motsi. Jinin uwar kuma ya ƙi tsayawa. Ta dubi Malam Brahim, ta koma ciki. Ya sulale ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Kukan gaskiya yake yi, amma ni ban ji tausayinsa ba.

Zaman makokin Kaltumi ya faɗo tsakiyar zafi. Aka jera manyan robobi a tsakar gida cike da ƙanƙara, 'yan gaisuwa suna sha suna sa albarka, suna cewa ba su taɓa zuwa makokin da aka shayar da mutane ruwa mai sanyi haka ba. Hajja tana zaune da jaririn a cinya, an lulluɓe hannun da ya mutu. Duk wadda ta shigo sai ta buɗe mata shi.

"Ku dubi wannan, tubarkalla. Wai ciwo gare ta! Mai ciwo ce za ta haifi wannan ƙato? Kwana ne ya ƙare."

Mata suka yi ta cewa haka ne. Berthe ta zo da ɗankwali a kanta, aka tsayar da ita a zaure. Daga ciki Hajja ta ce a kai mata ruwa a can, a kofin roba, kada a dawo da kofin.

Washegarin sadakar uku muka zagaya unguwa mu biyu. Masu babur ba su tsokane mu ba. Muka dawo shago muka huda yatsa, nawa ya ɗan hau, Berthe ba ta yi mini gori ba. Ta ɗauko mangwaro ta wanke, tana ba ni labarin kuran da aka yanke jiya, tana yanka. Ta miƙo mini nawa, ta ɗauki nata, sai labarin ya tsaya a bakinta.

Yanka na uku yana kan faranti. Muka shanye namu. Ƙuda ya zo ya sauka a kansa, Berthe ta sa hannu ta kore shi.