Sunan Okwaro a Rajistar Tiyata

Shekara huɗu Nasambu tana sa mutane barci a ɗakin tiyata, amma ko sau ɗaya sunanta bai shiga rajista ba. Asibitin ƙarami ne, a tsakiyar gonakin rake, tafiyar awa biyu daga garin Bungoma in ba a yi ruwa ba. A takarda suna da mai ba da maganin barci, Mzee Okwaro, wato dattijo Okwaro, mai lasisi da hatimi. A zahiri kuwa ranar Laraba kaɗai yake leƙowa, ya sha shayi, ya bi rajista layi-layi yana sa hannu a kan aikin da bai gani ba, ya hau babur ya koma asibitin kuɗi a gari. Sauran kwana shida, idan naƙuda ta gagara, Nasambu ce take lanƙwasa bayan mace ta soka allura tsakanin ƙashi da ƙashi. Ita nas ce, digirinta na jinya ne. Okwaro ya nuna mata sau uku, a na huɗu ya ce hannunta ya faɗa. Kowa ya sani, daga mai shara har shugaban asibiti, kuma kowa taimako yake kiran abin.

Makarantar da ke koyar da nas-nas wannan aiki tana birni, mutum goma sha biyu take ɗauka, karatun shekara biyu. Sau biyu Nasambu ta cike fom, sau biyu aka amsa mata da cewa ba ta da gogewa a ɗakin tiyata. Bana aka kira ta intabiyu, kuma ofishin gunduma ya gaya mata wannan ce takardar izini ta ƙarshe da zai sa wa hannu.

Da safen da za ta tafi, Metron Atamba, shugabar nas-nas, ta tsare ta a bakin ɗakin shan shayi.

"Zo nan, Farfesa. Kai, ji takalmi! Intabiyu za ki je ko gaisuwar surukai?"

"Na Sista Awinja ne, Metron. Aro na yi."

"To, ji nan, 'yata. In sun tambaye ki ko kin taɓa ba da maganin barci, me za ki ce?"

Metron ba ta jira amsa ba.

"Ba ki taɓa ba. Miƙo kaya kike yi, ki riƙe fitila. Kika buɗe baki, lasisinki ya tafi, na Mzee ya tafi, a rufe mana tiyata, mata su riƙa haihuwa a bayan babur. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Metron."

"Allah ya ba da sa'a. Ki sayo mana kifi."

A mota ta zauna kusa da taga. Rake yana wucewa, sai masara, sai rumfunan kwano. Ta lalubi ranta ko za ta sami tsoro, ba ta samu ba. Tun ranar da Rael ta mutu haka take. Rael matar wani mai saran rake ce, cikinta na uku. Minti biyar bayan allura jininta ya faɗi, numfashi ya tsaya, Nasambu ta yi duk abin da aka nuna mata, wanda ba a nuna mata ba kuwa ba ta san shi ba. Jaririn ya rayu. Ran Laraba Okwaro ya sa hannu a layin Rael, ya tambaya ko akwai sauran sukari. Babu wanda ya tuhume ta, don a takarda ba ta ma shiga ɗakin ba.

Mutum uku ne a teburin intabiyu: likita mai furfura, wani jami'i mai tarin fayil, da shugabar kwas ɗin, Mwalimu Kerubo, wato Malama Kerubo, gajeriyar mace mai tabarau a goshi.

"Sista, kin taɓa ba da maganin barci da hannunki?" in ji jami'in.

"Ban taɓa ba, yallaɓai. Miƙo kaya nake yi, in riƙe fitila."

Ya rubuta. Mwalimu Kerubo ta nuna wani mutum-mutumin roba a kan gado, da robar numfashi da jakar iska a gefensa.

"Ga maras lafiyarki, ya daina numfashi. Yi abin da kika ga ana yi. Kada ki damu, ba shi da dangi."

Nasambu ta yi niyyar yin daburce-daburce kamar sabuwa. Hannunta bai jira ta ba. Yatsu uku suka kama ƙashin muƙamuƙi suka ɗaga, biyu suka danne robar a kan hanci da baki, ɗaya hannun ya shiga matsa jakar iska a hankali, idonta yana kan ƙirjin yana tashi yana sauka. Har ta miƙa hannu gefe, ba tare da ta duba ba, inda tiren allurai yake zama a ɗakinsu.

Likitan ya yi dariya. "Wannan mai riƙe fitila ce? A ba ni biyu irinta."

Mwalimu Kerubo ba ta yi dariya ba. Ta zare biro daga hannun jami'in ta ajiye a kan tebur.

"Nawa?"

"Mwalimu?"

"Ke ce ta shida yau. Dukanku miƙo kaya kuke yi, dukanku kuna da kanta a yatsa inda jaka take ci. Mutum nawa?"

"Ɗari huɗu da goma sha ɗaya."

"Duk sun farka?"

"Ban da ɗaya. Rael sunanta." Muryarta ta fito kamar mai karanta jerin magunguna. "Maganin allurar ya hau sama har ƙirji. Ban san yadda ake zura bututun numfashi ba. Har yanzu ban sani ba. Shi na zo koya."

Fanka tana juyawa. Jami'in ya zuba wa bironsa ido.

"In na rubuta wannan," in ji shi, "dole ya tafi hukumar nas-nas."

"Shi ya sa biron yake kan tebur," in ji Mwalimu Kerubo. Ta tura masa. "Rubuta: ta taimaka a tiyata sau da yawa, hannunta yana da kyau." Ta sauke tabarau ta dubi Nasambu. "Ki zo ran ɗaya ga wata. Wata ukun farko za mu yi muna cire miki abin da aka koya miki. Kira mana na gaba."

Shi ke nan. Mutum uku masu ilimi da iko sun ji an ce mace ta mutu a hannun wadda ba a koya wa aiki ba, suka nemo kalmar da za ta shige fayil ba ta tokare ba. Nasambu ta fito, ta sayi kifi, ta hau mota.

A asibiti aka yi ta guɗa. Metron Atamba ta rungume ta, ta karɓi kifin ta sunsuna.

"Farfesa ta tabbata! To, saura mako uku. Kafin ki tafi ki nuna wa Awinja, Mzee ya ce hannunta ba ya rawa."

Sista Awinja, mai ɗakin haihuwa, ta yi murmushin dole. "Ni ko allurar hannu sai na yi addu'a, Metron."

"Addu'ar ma tana cikin aikin."

Washegari da hantsi aka kawo wata mata, jariri ya zo a gicciye. Nasambu ta sa allura, Awinja tana tsaye a kafaɗarta tana ƙirga ƙasusuwan baya da leɓe. Aka ciro 'ya mace, uwar ta yi ta godiya. Nasambu ta cire safar hannu, ta jawo rajista. A gurbin mai ba da maganin barci, ƙarƙashin Okwaro, Okwaro, Okwaro, ta rubuta sunanta cikakke, harafi-harafi.

Metron ta zo ta leƙa. Ba ta yi faɗa ba. Ta laluba aljihu ta ciro 'yar kwalbar farin ruwan goge rubutu, ta shafe sunan tsaf, ta hura masa iska har ya bushe.

"Gajiya ce," ta ce. "Kada ki ɓata wa kanki karatu a kan layi ɗaya."

Ta miƙa wa Awinja biro. "Rubuta, ki saba. O, k, w."

Nasambu ta tsaya tana kallon farin tabon. Sannan ta je famfo, ta buɗe ruwa, ta wanke hannu har gwiwa, don akwai wata a kan layi.