Gwangwani a Ƙarƙashin Gadon Hellen

Ana cikin kwashe kayan ɗakin Hellen don masu gaisuwa su samu wurin zama, tsintsiyar Stella ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Ta jawo. Gwangwanin madarar jarirai ne, an sha ya kusa ƙarewa.

Stella ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, katanga ce kawai tsakaninta da Hellen. A zatonta ita kaɗai ta san maƙwabciyar tata na ɗauke da ƙanjamau. Tun da Hellen ta haifi ɗanta Jason, Stella take ja mata kunne: "Ki sha maganinki, ki ba shi nono zalla har wata shida. Ko ruwa kar ki haɗa. Haɗawan nan ne hatsari." Hellen kuwa, baiwar Allah, ba ta iya musu ba. Ko me aka ce mata, sai "To, Sista." Har tari ya ci ƙarfinta ta rasu jiya da rana, ba a taɓa jin a'a a bakinta ba.

Mama Rosemary, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ta shigo ɗauke da tabarma. Idonta ya faɗa kan gwangwanin.

"Ni na kawo mata," ta ce ƙasa-ƙasa. "A lokacinmu, mai wannan ciwo ba ya ba da nono. Na ce ta daina."

"Mama, ai an canza wannan tuntuni. Kuma ba ta daina ba. Ko shekaranjiya na ga yaron a ƙirjinta."

"Amma ni ta ce mini to."

"Ni ma haka ta ce mini."

Stella ta laluba ranta ko za ta samu fushi, ba ta samu ba. Kukan ma ya ƙi zuwa. A tsakar gida matan zumuntar coci sun fara waƙa, Jason na tsala ihu a bayan wata. Sai an sake ɗibar jininsa, sai an jira, kafin a san abin da uwarsa ta bar masa.

Stella ta tafasa ruwa, ta dama sauran madarar, tunda yanzu babu wani abincin. Ta karɓi Jason ta ɗora shi a cinya tana ba shi da cokali, ɗayan hannunta riƙe da 'yar dunduniyarsa, daidai inda allura za ta shiga.