Ranar da Keken Goggo Ya Tsaya

Keken ɗinkin Goggo ba ya tsayawa don kowa. Ko baƙo ne ya shigo, ko faɗa ne ya kaure a ƙofar shago, ƙafarta na kan feda, da ka kawai take amsa gaisuwa. Shi ya sa 'yar ƙaninta, mai yi mata guga da ɗinka maɓalli, ta sa wa ranta cewa duk labarin da ya tsayar da keken nan, to ya isa labari.

Marubuciya ake ce mata a shagon, da tsokana, tun ranar da ta ƙona hannun wata riga tana tunanin sunan da za ta sa wa jarumi. Yau ake rufe neman gurbi a kwas ɗin koyon rubutun labari da ta daɗe tana mafarkin shiga, kuma labari ɗaya tak ake so kowa ya tura. Biyu gare ta a waya.

"Goggo, labarai biyu ne. In karanta miki?"

"Kunnena ba ya ɗinki. Karanta."

Ta fara da wanda take ji da shi, labarin wani attajiri a jirgin ruwa, ita da ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba. Ta zuba masa manyan kalmomi har ita kanta tana tuntuɓe da su. Keke bai ko sassauta ba. Wata malamar asibiti da ke jiran kayanta a kan benci ta yi hamma, ta rufe baki da sauri.

"Ya yi kyau," in ji Goggo. "Miƙo min baƙin zare."

Marubuciya ta miƙa zaren, ta kife wayar. Malamar ta ji tausayinta, ta ce, "Ba biyu kika ce ba, ƙanwata?"

"Ɗayan shirme ne."

Ba shirme ba ne, tsoro ne. Labarin wata tela ne da ta yi kuskure ta yanke hannun rigar wata mata ya gajarce, ta kuwa dubi mai rigar ido cikin ido ta ce sabon yayi ne. Kafin wata ya ƙare, matan layin duk sun zo neman hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Kuma telar nan tana zaune a gabanta, da almakashi kusa da hannu.

Ta dai daure ta fara. A wurin da telar ta ce, "Ai ke kika fara samu a garin nan," malamar ta kwashe da dariya har jakarta ta faɗi. Marubuciya ta ci gaba, kanta a sunkuye. Sai da ta kusa ƙarshe ta lura tana jin ƙarar fanka, abin da ba ta taɓa ji ba a shagon.

Keke ya tsaya.

Goggo ta sauke tabarau kan hanci, ta ƙura mata ido. Marubuciya ta fara laluben inda ta ajiye takalminta.

"Wa ya ba ki wannan labarin?"

"Ke, Goggo. Kusan kullum."

"To ba ki saurara da kyau ba. Hannun hagu ne, ba na dama ba. Kuma shuɗiya ce rigar." Ta nuna wayar da baki. "Gyara ki tura. Wancan mai jirgin kuma ki bar shi ya nutse."

Malamar ta share hawayen dariya ta ce, "Goggo, tawa fa, hannayen daidai suke?"

"Ya danganta da yayin da kike so."

Marubuciya ta gyara hagu, ta gyara shuɗi. Ta tsaya a kan wurin turawa, ta ɗago kai. Ƙafar Goggo na kan feda, amma ba ta motsa ba.

"Jiranki nake, 'yar nan," in ji Goggo. "Ina da aiki."